Kunnen Situdiyo: Me Ya Sa Kiɗa Yake Danne Muryar Mawaƙina?

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan ikwalaiza suka taru, wadda ake ce wa ikyu a situdiyo, wato na'ura ko manhajar da ke ƙara ko rage wani yanki na sauti. Mun tsinci waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, wasu kuma mun taƙaita su saboda fili. Lambobin da za ku gani a ƙasa wuraren farawa ne, domin murya da murya ba ɗaya ba ce, haka ma ɗaki da ɗaki.

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin situdiyo, ina aiki da FL Studio. In na ɗora murya a kan kiɗa sai ta nutse, ba a jin baiti sosai. In na ɗaga fedarta sai ta hau kan kiɗan ta zauna, kamar ba tare aka yi su ba. Na ƙara mata tirebul har ta fara sukar kunne, abin bai gyaru ba. Ina mafita? Daga wani mai situdiyo a Kano.

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ƙyale muryar tukuna, ka koma kan kiɗan, can matsalar take.

Firikwansi shi ne yawan karkarwar sauti a daƙiƙa, ana auna shi da Hz, kHz ɗaya kuma Hz 1,000 ne. Kunnen ɗan Adam yana ji daga 20 Hz zuwa wajen 20,000 Hz, kuma duk sanda sauti biyu suka haɗu a firikwansi ɗaya, mai ƙarfin yana rufe mai rauni. Gindin muryar namiji in yana magana yana tsakanin 85 da 180 Hz, na mace tsakanin 165 da 255 Hz, amma abin da ke sa a gane kalma yana can sama, daga 1 zuwa 4 kHz, inda baƙaƙe suke fita. To a daidai nan fiyano, jita, sarewa da sitirin ɗin kibod suke cunkushe a yawancin kiɗan nanaye. Abin kamar rumfar kasuwa ne: in mutum huɗu suka baje kaya a guda ɗaya, ɗaga murya ba zai sa mai saye ya ga kayan kowa ba, sai wani ya matsa.

Ga yadda za ka gano wanda zai matsa. Saki waƙar gaba ɗaya a inda baiti ya fi nutsewa, ka riƙa kashe kayan kiɗa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka kashe ka ji murya ta fito fes, shi ne mai laifin, kuma sau da yawa guda biyu ne. Ɗora masa Fruity Parametric EQ 2, ka ɗauki ɗaya daga cikin ban bakwai da ke ciki, wato yankunan firikwansi da take gyarawa, ka rage 2 zuwa 3 dB (ma'aunin ƙarar sauti) a wajen 2.5 kHz da faɗi mai yalwa. A ikwalaizar da ke nuna faɗi da lambar Q, ka sa tsakanin 1 da 1.4, Q na 1.4 faɗinsa kusan oktef ɗaya ne, wato daga firikwansi zuwa ninkinsa biyu, na 0.7 kusan biyu. A ce fiyano ne mai laifin: kana ragewa kana sauraren muryar, ba fiyanon ba. In ka danna solo, wato ka saurare shi shi kaɗai, za ka ji fiyanon ya ɗan dushe, ka ji kamar ka ɓata shi. Kada ka damu, babu mai sauraren da zai taɓa jin sa shi kaɗai.

Sai ka share ƙasa. Duk abin da ba kik (babbar ganga mai dukan ƙasa) ba ne kuma ba bes (kayan kiɗa mai kaurin sauti) ba, ka sa masa hai-fas, wato matatar da ke yanke firikwansin ƙasa ta bar na sama su wuce. Muryar namiji ka fara daga 80 Hz, ta mace daga 100 zuwa 120, jita wajen 100, sitirin da fad (sautin kibod mai shimfiɗa) 150 zuwa 200, hai-hat da kacau-kacau har 300 ko sama. Gangaren 12 dB a kowane oktef ya isa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka yi ta tura matatar sama har ka ji kayan ya fara sirancewa a cikin waƙar, sannan ka ɗan dawo da ita baya.

Wuri na uku shi ne tsakanin 200 da 400 Hz. Kusan kowane kayan kiɗa yana da jiki a nan, in suka taru sai waƙa ta dagule ta yi duhu. Ragin 2 dB a kan fiyano da 2 dB a kan jita ya fi ragin 6 dB a kan murya, domin a nan kaurin muryar yake, in ka ƙwaƙule shi za ta koma kamar ta cikin waya.

Bayan ka gama waɗannan ne za ka taɓa muryar, kuma za ka tarar 1.5 dB a 3 kHz ya wadatar. Akwai abin da ikwalaiza ba ta iya gyarawa: in sarewa tana bin karin waƙar daidai da mawaƙi, a oktef ɗaya, a lokaci ɗaya, to ko dai ka ɗaga ta oktef guda, ko ka bar ta ta riƙa amsawa a tsakanin baitoci. Makaɗan gargajiya sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa mai kalangu yake lafawa in ubangidansa ya ɗauko baiti, ya taso in an zo amshi.

Ranku ya daɗe. Kik da bes ɗina suna ta faɗa. A kan manyan sifiku ƙugi kawai ake ji, ba a bambance dukan da bes ɗin. In na tura waƙar a waya kuma bes ɗin ya ɓace gaba ɗaya. Daga Maraɗi.

Matsala biyu ce, ɗan'uwa, kuma maganinsu daban.

Ta farko, su biyun suna neman zama a ƙasan ƙasa. Sai ka zaɓi wanda zai mallaki wurin. In bes ɗinka irin na injin kiɗan nan 808 ne mai dogon numfashi, ƙarfinsa yana tsakanin 40 da 60 Hz, don haka ka zaɓi kik gajere mai naushi a wajen 80 zuwa 100 Hz, ka yanke masa ƙasa da 40 ko 50. In kuwa kik ɗin ne mai zurfi, yana dira a 55 ko 60 Hz, ka rage wa bes 3 dB a daidai nan ka bar shi ya yi magana daga 90 zuwa 120. Kada ka yi hasashe: ɗora Voxengo SPAN mai nuna firikwansin sauti a hoto, kyauta ne, ka ga inda tudun kowannensu yake. Ka tuna bes yana yawo da nota, E ta ƙasa 41 Hz ce, G 49, A 55, shi kuwa kik yana tsaye wuri ɗaya. Saboda haka in faɗan a nota ɗaya kaɗai yake tashi, wannan notar ce ta faɗa kan kik ɗin. A nan sai ka sauya tiyunin kik ɗin kaɗan, ko ka yi saidcen, yadda bes zai duƙa 3 zuwa 4 dB duk sanda kik ya dira, ya miƙe cikin milisakan 80 zuwa 120.

Ta biyu, ƙaramar sifikar waya ba ta iya fitar da ƙasa. Abin da ke ƙasa da 200 Hz kusan duk ba ya fita. Ƙara 50 Hz ba zai sa ta fitar ba, sai dai ya cinye maka fili a masta, wato layin ƙarshe da duk waƙar ke haɗuwa, ya sa waƙar ta rage ƙara. Abin da waya ke iya fitarwa shi ne 'ya'yan notar, wato ninkinta: nota mai 55 Hz tana da 'ya'ya a 110, 165, 220, 275 da sama. In kunne ya ji 'ya'yan, ƙwaƙwalwa tana cike uwar da kanta. Amma 808 mai santsi kusan ba shi da su, ikwalaiza kuma ba ta ƙara abin da babu. Sai ka kwafi layin bes ɗin, ka sa wa kwafin distoshan kaɗan, wato ɗan gurɓata sauti da ke haifar da 'ya'yan, ka yanke masa ƙasa da 150 Hz, ka shigo da shi a hankali ƙarƙashin na asali har ka fara jin karin bes a waya. Kik kuma ka ƙara masa 2 zuwa 3 dB tsakanin 3 da 4 kHz don ƙas-ƙas ɗin dukan ya fito. Tunda yawancin masu saurarenmu ta waya da 'yar sifikar bulutut suke ji, wannan aikin ba na ganin dama ba ne. Kik da bes duka su zauna a tsakiya, kada ka karkatar da su hagu ko dama.

Salam. Na ɗauki kalangu na gaske da makirfo don waƙar biki. Shi kaɗai yana da daɗi, amma a cikin kiɗa wani dukan ya yi gunji, wani ya ɓace. Na yi ta yanke wurin gunjin, sai ya koma wani wurin. Daga Katsina.

Ba zai tsaya ba, Malam, domin haka aka ƙera shi. Mai kalangu yana matse igiyoyin a hammata fatar ta ɗaure sauti ya hau, ya sassauta sauti ya sauka. Da haka yake kwaikwayon karin magana. Gindin sautinsa galibi yana yawo tsakanin 100 da 400 Hz gwargwadon girman kalangun da ɗaurin fatar. Siririn yanka a firikwansi ɗaya zai kashe nota ɗaya ya bar sauran, kalangun ya daina faɗin abin da makaɗin ya sa shi ya faɗa. Duk wanda ya san take zai ji an yi masa gibi.

Abin da ya dace da shi ikwalaiza ce mai motsi, wadda ba ta ragewa sai sautin ya wuce iyakar da ka sa mata. TDR Nova tana yin haka, kuma kyauta ce. Buɗe ban mai faɗi, Q wajen 0.8, a kan yankin da gunjin yake tashi, ka saita iyakar yadda dukan da ya yi yawa kaɗai zai jawo ragin 3 zuwa 4 dB. Hai-fas ka tsaya a 70 ko 80 Hz, kada ka wuce, domin dukan da aka sassauta igiya yana sauka ƙasa fiye da yadda ake zato. Don a ji shi a cikin taron kiɗa, ka nemi saukar sanda a kan fata, tsakanin 2 da 5 kHz, ka ƙara 2 dB. In murya tana tafe a lokacin ka tsaya kusa da 5 kHz, ka bar mata 3 kHz.

Ka kuma duba ɗaukar. Makirfo mai ɗaukar gaba kawai, irin wanda kusan kowa yake da shi, yana kumbura ƙasa in an kusanto da shi sosai. Shi kuma mai kalangu ba ya tsayawa cak, yana rausaya, don haka in makirfon yana santimita 5 daga fata, kowane motsi sai ya sauya kaurin sautin. Ja shi baya zuwa santimita 30 ko 40, ya fuskanci fatar da ake duka a ɗan karkace. Rabin abin da kake fama da shi zai tafi tun kafin ka buɗe kwamfuta. In kuma akwai konga ko tom na cikin kibod a kiɗan, ka cire su ko ka rage su sosai, gurbin kalangun suke ci.

Akwai wani ƙugi, "mmmm", a ƙarƙashin duk muryar da na ɗauka, ya fi yawa in muna kan janareta. Ikwalaiza za ta cire? Daga Gombe.

Za ta rage, amma gyaran na waya ne. Wutar Najeriya da ta Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka ƙugin yana 50 Hz, da 'ya'yansa a 100, 150, 200 da sama. A kan muryar da aka riga aka ɗauka, hai-fas a 80 Hz mai gangaren 24 dB zai tafi da uwar, sai siraran yanka, Q na 20 ko fiye, a 100 da 150. Wahalar janareta ita ce ƙaramin inji ba ya riƙe 50 daidai. In aka kunna firij ko ayan guga sai gudunsa ya sauka, ƙugin ya zame daga inda ka yanka. Kana faɗaɗa yankan kuma kana cin gindin muryar namiji.

Kafin ɗauka ta gaba, zare cajar laftof ka bar ta a batir. In ƙugin ya ɗauke, ka san ta hanyar wuta yake shigowa. Haɗa kwamfuta, sankad (akwatin da makirfo ke shiga kwamfuta ta cikinsa) da sifiku a soket ɗaya, ka yi amfani da kebul na XLR mai ƙafa uku, kada wayar makirfo ta kwanta jere da wayar wuta. In dole su haɗu, su gitta juna. Wasu suna karya ƙafar as ta fulogi, wato ta ukun da ke kai wuta ƙasa, don ƙugi ya tafi. Kada ka yi, wannan ƙafar ce take hana wuta ta bi ta makirfo ta kama mawaƙi.

Assalamu alaikum. Ni mawaƙiya ce, ina haɗa waƙoƙina da kaina. In na ƙara wa muryata haske sai "s" da "sh" da "ts" su riƙa tsaga kunne. Sannan 'yan amshina uku ne, kowace na ninka ta sau biyu, amshin ya fi baitina kauri har yana rufe ni. Daga Kaduna.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kaifin waɗannan baƙaƙen yana tsakanin 5 da 9 kHz, na mata ya fi karkata sama, wajen 7 zuwa 8. In kika rage wurin da ikwalaiza ta dindindin, duk muryar za ta dushe saboda baƙin da ke zuwa jefi-jefi. Ki sa di-esa, wadda ke rage kaifin waɗannan baƙaƙen kawai sanda suka zo, ki saurari abin da take kamawa ita kaɗai har ki ji "s" zalla babu wasali, ki bar ta ta rage 3 zuwa 5 dB. In ta wuce haka za ki ji kamar kina da tsamin baki. Ki jera su haka: ikwalaizar yanka, kwamfiresa mai daidaita hawa da saukar ƙarar murya, di-esa, sannan hasken, wato shelf mai ɗaga 2 dB a kan duk abin da ke daga 10 ko 12 kHz zuwa sama. In hasken ya sake tayar da kaifin, ki mayar da di-esar bayansa.

"Ts" da "ƙ" kuma suna fita da tunkuɗar iska, ba kaifi kawai ba. Ragar gaban makirfo, tazarar santimita 15 zuwa 20, da ɗan kauce wa tsakiyar makirfon da baki za su yi miki abin da babu filogin (manhajar gyaran sauti) da zai yi.

Amshi kuwa, murya shida da suka faɗi "s" ba a lokaci ɗaya ba, "s" shida ne a jere. Ki tura su duka layi ɗaya, ki yi musu aiki a tare: hai-fas a 150 zuwa 180 Hz, ragin 3 dB a wajen 300, wani ragin 2 zuwa 3 dB a 3 kHz inda muryarki take zaune, da di-esa mai hannu da nauyi fiye da taki. Ki raba su hagu da dama, ke ki zauna a tsakiya. Ekon da kika sa musu ma ki yanke masa ƙasa da 250 Hz da sama da 7 kHz. Eko mara yanka yana cikin manyan masu dagula waƙa, kuma ba a cika zarginsa ba.

Firiset ɗin ikwalaiza, wato saitin da aka riga aka haɗa, da ake sayarwa a intanet, mai sunan "muryar namiji" ko "muryar mace", yana da amfani? Daga Zariya.

Don koyo, e: buɗe shi ka ga inda aka yanka da inda aka ƙara. Don aiki, wanda ya haɗa shi bai taɓa jin mawaƙinka ba, bai san makirfonka ba, bai san kiɗan ba. Kada ka kashe kuɗinka.

A situdiyona waƙa tana fita lafiya. In an kai mota ko an ba DJ a wurin biki sai bes ya yi yawa, sama kuma ta yi kaifi. Na manna kwalin ƙwai a bango duka huɗu. Me ya rage? Daga Jos.

Ɗakinka ne yake yi maka ƙarya, Malam, kwalin ƙwai kuma ba ya taɓa bes ko kaɗan. Sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa. Raba 343 da ninki biyu na tsawon ɗakin, za ka sami firikwansin da ɗakin yake riƙewa: mita 4 yana ba da 43 Hz, mita 3 yana ba da 57 Hz, kowanne da ninkinsa, 86 da 114. A jikin bango waɗannan notocin suna kumbura, a tsakiyar ɗaki kuma na farkon yana kusan ɓacewa. In kujerarka tana tsakiya, ba ka jin bes ɗin da ke cikin waƙar, sai ka yi ta ƙarawa, sifikun DJ kuma su fito da shi duka. Gwada da kanka: saki nota mai 57 Hz ko wadda lissafin ɗakinka ya ba ka, ka taka a hankali daga bango zuwa bango, za ka ji tana tashi tana faɗuwa alhali ba ka taɓa komai ba.

Matsar da kujera zuwa wajen kashi 38 cikin 100 na tsawon ɗakin daga bangon gaba. Sifiku biyun da kanka su zama kusurwa uku masu tazara ɗaya, ƙananan sifikun sama daidai tsayin kunne. In da hali, ka cika kusurwoyin ɗakin da rokwul, audugar dutse mai shan sauti, mai kaurin santimita 10 ko fiye, a naɗe da yadi. Soso siriri da kafet sama kawai suke sha, kuma wannan ne ma dalilin kaifin da kake ji a waje: ɗakin ya shanye sama, kai kuma ka rama da tirebul.

Ƙarar da kake aiki da ita ma tana da hannu. Tun 1933 Fletcher da Munson suka auna cewa kunne ba ya jin firikwansi daidai wa daida: ya fi jin yankin 3 zuwa 4 kHz, kuma in sauti ya yi ƙasa, bes ne yake fara ɓace masa. Ka tsayar da ƙara ɗaya matsakaiciya, wadda za ka iya magana da na kusa da kai ba tare da ɗaga murya ba, ka yi yawancin aikin a nan, ka ɗaga na ɗan lokaci kawai don duba ƙasa. Duk bayan minti 45 ka fita ka huta, domin kunnen da ya gaji yana neman ƙarin kaifi.

Sannan ka shigo da waƙar da ka san tana fita lafiya a mota da wurin biki, irin salon da kake yi, ka sa ta a layi na daban, ka rage ƙararta ta yi daidai da taka. Wannan daidaitawar wajibi ce, domin ko bambancin 1 dB yana sa wadda ta fi ƙara ta yi kamar ta fi daɗi. Haka ma duk sanda ka kunna ikwalaiza ka kashe don kwatance, ka tabbata ƙarar ba ta sauya ba. Kafin ka ba da waƙa, ka mayar da ita mono, wato hagu da dama su haɗe wuri ɗaya, ka saurara, tunda sifikun biki da yawa a haka ake haɗa su, sannan ka ji ta a hedifon, a waya, da cikin mota. In bes ya yi yawa a wurare biyu cikin ukun, koma ka rage shi 2 dB da shelf daga 100 Hz zuwa ƙasa, a kan layin kik da bes, ba a kan masta ba.